Ajiyar Lucia

Afiniki 'yar Madakiya ce. A can ta tashi, a can ta koyi noman acca da surfenta, a can kuma Kumai ya gan ta wata ranar kasuwa ya turo manyansa. Kumai leburan reluwe ne, cikin masu bin layin dogo da diga da shebur suna gyara inda ruwa ya ci. Bayan biki ya kawo ta barikin reluwe na Kafanchan, ɗaki ɗaya da 'yar rumfar girki a baya. Hausarta a lokacin ba ta wuce ta gaisuwa da ciniki ba. Sauran a bakin famfo ta tsince ta, wurin matan da su ma tsinta suka yi.

Ƙofar da ke kallon tasu ta Simon ce, mai gyaran injin jirgi, mutumin Gabas, shi da matarsa Lucia. Lucia tela ce, mace mai jiki da murya, kuma kowa “kai” ne a bakinta, namiji ko mace. Ita ta karɓi haihuwar Emilia, 'yar Afiniki ɗaya tilo, ranar da naƙuda ta zo Kumai yana can wajen Godogodo a kan layi. Tun daga ranar gishiri da ashana suka riƙa ƙetare tsakar barikin ba sai an roƙa ba.

Duk Disamba Lucia takan jawo wani baƙin akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Kayan adon Kirsimeti ne a ciki. Akwai sarƙoƙin takarda ja da kore, da igiya mai ƙyalli, da ƙwallayen gilashi shida marasa nauyi, sai ƙararrawa uku na takarda waɗanda ke kwance a shafe kamar faifai, in an buɗe su su kumbura su yi kama da saƙar zuma. Lucia takan hau benci ta rataya su daga kusurwa zuwa kusurwa tana waƙa da yarenta, Afiniki tana riƙe mata bencin. A Madakiya ganyen kwakwa ake sarowa a kafa a ƙofar majami'a, in ya bushe a kai murhu, shi ke nan. Afiniki ba ta taɓa gane amfanin abin da ba a ci, ba a sawa, kuma sai an yi ta lallaɓa shi ba. Amma ba ta faɗa ba.

Sai aka shiga ƙarshen daminar sittin da shida, lokacin da tarzoma ta kori mutanen Gabas daga Arewa. Waɗanda suka zauna Kafanchan a lokacin ba su cika son a tambaye su ba, a nan ma ba za a matsa musu ba. Abin da ya shafi Afiniki shi ne wata safiya ta raka Lucia tasha. Jirgin Gabas yana tsaye, mutane har kan rufinsa. Simon ya fita aiki tun shekaranjiya, kuma ba a gan shi a tashar ba. Lucia na da goyo a baya, ƙunshi a ka, ɗanta Silvanus a hannun hagu, akwatin a hannun dama. A ƙofar tarago aka ce mata ko ita ko kayan. Ta waiwayo ta dangwara wa Afiniki akwatin a ƙirji.

“Ajiye, Afiniki. Ajiye shi.”

Afiniki ta karɓa da hannu biyu. Ba su ƙara wata magana ba, domin na baya sun riga sun tura Lucia ciki.

A gidan da Afiniki ta tashi, ajiya ba abin wasa ba ce. Ba a buɗe ta, ba a ba da aronta, ba a miƙa ta hannu na uku. Inda aka ba ka, nan mai ita zai same ka, ka mayar masa cif a gaban shaida. Ta ga kakanta ya ƙi barin tsohon gida shekara da shekaru saboda fartanya biyu da tulun wani da ya tafi haƙar kuza bai dawo ba. Saboda haka ta kai akwatin ƙarƙashin nata gadon, ta rufe shi da tsohon zane.

Shekara biyu ba ta taɓa murfin ba. A damina ta biyu ɗakin ya fara wani wari kamar na hatsin da ruwa ya shiga. Kumai ya shinshina nan, ya shinshina can, ya tsaya a kan gadon.

“Ajiya ce,” in ji Afiniki.

“Na sani. To, in kin mayar mata da ruɓaɓɓen abu, me kika ajiye?”

Ta kira matar fasto ta tsaya shaida, aka buɗe. Fumfuna ta rufe rabin kayan. Jan launi ya zuba ya shiga cikin kore. Kyankyasai sun bi sarƙoƙin zobe-zobe sun cinye gam ɗin da ya haɗa su, da aka ɗaga sai suka zube kamar ganye. Matar fasto ta ce a zubar, Ubangiji ya san ba laifin kowa ba ne. Afiniki ta gode mata, ta raka ta ƙofa, ta dawo ta zauna a ƙasa tana tsince zoben da suka tsira.

Daga nan aikin ya fara, kuma ba wanda ya koya mata. Ta dama sitacin rogo ta manne sarƙoƙin, kyankyasai suka dawo suka yi biki. Sai ta dafa ɓawon maɗaci ta dama sitacin da ruwansa, wannan karon suka ɗanɗana suka bari. Ta ɗora akwatin kan duwatsu huɗu, ta kewaye su da toka saboda gara. Ta shimfiɗa busasshen ganyen dogon yaro a ƙasa, ta sa kafur a kusurwoyi. Ƙwallayen gilashin kowanne ta naɗe shi daban da tsumman tsohon kakin Kumai. Ta gane ba a ninke ƙararrawar da safe, domin takarda na shan raɓa ko a cikin ɗaki, sai rana ta take. Ta gane kuma in ta shanya su a rana launi ya koɗe, in ta bar su a rufe su ruɓe. Iska suke so, a inuwa, kwana goma ko fiye. Wato sai an rataya su.

To, mace ta rataya kayan Kirsimeti a watan Maris, ai sai a fara yi mata addu'a a zumuntar mata. Dole ta jira Disamba kamar kowa. Haka ɗakin Afiniki ya zama ɗakin da ya fi kowane ado a barikin, mutane kuma suka yanke cewa Mama Emilia mace ce mai son gayu. Masu wucewa su leƙo su ce, “Kai, Mama, bana ma kin ƙure!” Ta ce, “To, an gode,” tana murza wuyanta da ya ƙage don kallon sama.

Da yaƙin basasa ya ƙare a farkon saba'in, mutanen Gabas suka fara dawowa ɗaiɗai. Wani ya zo ya sami kekensa, wani ya zo ya sami labari. Maƙwabciyarta Paulina ta fito da gadon ƙarfe da ta ɓoye wa wata malamar asibiti, aka ɗaure shi a kan kura, Paulina ta taka rawa a tsakar bariki ta ce yau za ta yi barci har da minshari. Afiniki ta share akwatin, ta shafa masa man gyaɗa inda tsatsa ta fara, ta zauna jira. Duk wanda ya sauko daga jirgin kudu da alamar tsohon ɗan gari ne, sai ta tare shi.

“Ko ka san Lucia? Tela, matar Simon mai gyaran inji.”

“Wane gari, Mama?”

Ba ta sani ba. Shekara goma sha biyu suna ƙofa da ƙofa, ba ta taɓa tambaya ba. Gabas kawai ta sani.

“Gabas da faɗi, Mama,” su ce, su ɗauki jakarsu.

Kumai ya rasu a saba'in da biyu, ciwon ƙirji. Ɗakin bariki na ma'aikaci ne, ba na matar marigayi ba, aka ba ta wata uku. 'Yan'uwanta suka zo daga Madakiya da niyyar tafiya da ita. Ta ce a'a. Ta kama wani ɗan ɗaki a bayan tasha, inda ake jin kukan kowane jirgi, ta sayi kasko da tire, ta fara soya ƙosai da dafa ƙwai tana kaiwa bakin tarago. Wurin zamanta ba wurin ciniki ba ne sosai, amma daga nan ana ganin fuskar duk wanda ya sauko daga kudu. Shekarar da ta biyo Emilia ta auri Meshak, manomin citta a wani ƙauye bayan Kachia, ɗakin ya rage daga Afiniki sai akwatin. Bencin kuma ba mai riƙe mata.

Takarda dai takarda ce, duk yadda aka lallaɓa ta. Sarƙar kore ce ta fara mutuwa, ta yi fari, ta riƙa karyewa a hannu. Afiniki ta sami irinta a kantin littattafai cikin kasuwa, ta ƙirga zoben tsohuwar, ta yanke sabuwar daidai. Igiya mai ƙyalli ta zube gashinta, ita ma aka maye ta. Ƙararrawa ce ta wahalar da ita. A Kafanchan akwai fara da shuɗiya, ita kuwa ja take nema, mai girman tafin hannu biyu. Sai da ta hau jirgi zuwa Jos, ta yini tana shiga kantunan da masu gadinsu ke kallon ƙafarta kafin su kalli fuskarta.

A saba'in da biyar ƙwallo ɗaya ya suɓuce mata daga kan benci. Bai ma yi ƙara ba. Ta tattara ɓaraguzan a ganye, ta ƙulle a bakin zane, ta sake hawa jirgin Jos. Mai kantin ya zuba mata ƙwallayen roba a kan tebur, ya ɗauki ɗaya ya buga a ƙasa ya cafe.

“Kin gani, Mama? Wannan har jikokinki. Na gilashi ya wuce zamani.”

Ta kwance ganyen ta nuna masa. “Irin wannan.”

“Haba Mama, ai ƙwallo ƙwallo ne. Wa zai hau sama ya duba?”

“Da nawa ne, da na ce haka.”

“To na wa ne?”

“Na mai shi.”

Ya yi dariya ya ce ta dawo bayan sati biyu, zai tambaya a Kaduna. Ta dawo, ta samu. Kuɗin ƙosan kwana nawa ya tafi a jirgi, ba ta faɗa wa kowa ba, kuma ba wanda ya isa ya tambaye ta. Kafin saba'in da bakwai, in ban da akwatin kansa da ƙwallaye biyar, da wuya a nuna abin da hannun Lucia ya taɓa a ciki. Afiniki ta san haka. Takan yi tunaninsa in tana ninke ƙararrawa, sai ta kawar da shi, domin ba ta ga inda tunanin zai kai ta ba.

A watan Nuwamba na shekarar Emilia ta zo da doya da 'yar jakar acca. Ta tarar da uwarta ta dawo daga tasha tana jan ƙafa, ta zauna a bakin gado tana shafa man zafi a gwiwoyi biyu da suka kumbura kamar gwanda.

“Mama, ɗakin nan da muka gina miki fa yana nan. Meshak ya sa kwano, ya sa ƙofa. Shekara uku ke nan awaki ke kwana a ciki.”

“Ki gaishe shi.”

“Ba gaisuwa na zo karɓa ba. Ki tashi mu tafi. Wa zai ɗebo miki ruwa a nan in ƙafar ta ƙi gaba ɗaya?”

“Bari mai kaya ta zo.”

“In ta mutu fa?”

“Wa ya gaya miki?”

“Ke wa ya gaya miki tana da rai?”

Afiniki ta ci gaba da shafa mai.

“To mu ɗauki akwatin mu tafi da shi. Mu bar saƙo wurin Mama Paulina.”

“Paulina mijinta ya kusa ritaya. In sun tafi, saƙon zai zauna a bakin wa? A nan ta bar ni.”

“Mama, takarda ce fa. Takarda! Ko akuya ba za ta ci ba saboda ɗacin da kika zuba mata.”

Afiniki ta ɗan murmusa. “Kin ga ke nan aikin ya yi.”

Emilia ba ta yi dariya ba. Ta ce yaranta biyu ba su san kakarsu ba sai a baki. Ta ce ita ba za ta ƙara zuwa roƙo ba. Da safe Afiniki ta raka ta tashar mota, ta tsaya har motar ta ɓace, sa'an nan ta daɗe ba ta juya ba. Tana son zuwa. Wannan ba ta taɓa ɓoye wa kanta ba. Tana son ta zauna a inuwa a kawo mata kunu, ta ji kukan jirgi ya fita daga kunnenta. Ta koma gida ta jawo benci, domin Disamba ta kusa.

Ranar sha shida ga Disamba, jirgin kudu mai wucewa Jos ya shigo da hantsi, ya makara kamar kullum. Aka ce za a canja inji, sai nan da awa ɗaya ko biyu. Fasinjoji suka zubo neman abinci. Afiniki tana sunkuye tana ƙulla gishiri a takarda sai ta ji wata murya a kanta.

“Kai, ƙwan nan na yau ne ko na bara?”

Ta ɗaga kai. Wata tsohuwa ce siririya mai tabarau, furfura ta leƙo ta ƙarƙashin ɗankwali. Jikin ba shi ba ne. Muryar ita ce.

“Mama Silvanus,” in ji Afiniki.

Matar ta tsaya da ƙwan a hannu. Ta cire tabarau, ta mayar. “Afiniki? Kai ne?”

Suka riƙe juna a tsaye, tire ya karkace, Paulina da ke sayar da lemo a gefe ta tare shi. Lucia ta ce Jos za ta, Silvanus na aiki a can, matarsa ta haihu. Ta ce ta yi alkawari ba za ta sa ƙafa a wannan tasha ba, yunwa ce ta sauko da ita. Ta tambayi Kumai, aka gaya mata, ta gyaɗa kai. Ba wadda ta ambaci Simon.

“Zauna nan,” in ji Afiniki. “Paulina, kada ki bar ta ta motsa.”

Ta nufi gida da saurin da gwiwoyinta suka manta. Kayan duk suna rataye, kwana huɗu ke nan. Ta hau benci, ta kwance igiya, ta sauko, ta ja bencin, ta sake hawa. Ta ji inji ya yi kuka a tasha, hannunta ya so ya tattara komai ya cusa. Ba ta yarda ba. Ta ninke ƙararrawa ɗaya bayan ɗaya a kan tsohon ninkinsu, ta naɗe ƙwallo shida kowanne a tsummansa, ta kwantar da sarƙoƙi, ta rufe. Ta yi gammo, ta durƙusa, ta ɗora. Tashin ne ya ɗauki lokaci.

Ta sauke akwatin a gaban Lucia tana haki. “Ga ajiyarki. Paulina, ki zama shaida.”

Lucia ta dubi akwatin, ta dubi Afiniki. “Mene ne wannan?”

“Buɗe.”

Ta buɗe. Warin kafur ya taso. Ta ɗaga ƙararrawa ɗaya, ta ɗan buɗe ta, sai ta kwashe da dariya irin ta dā, har masu wucewa suka waiwayo.

“Kai, Afiniki! Kayan Kirsimeti! Ai na ba ka! Kyauta na ba ka!”

“Kin ce ajiye.”

“E mana. Ajiye, naka ne, kada ka dawo da shi. Ba haka ake faɗa ba?”

“Ba haka ake faɗa ba, Madam,” in ji Paulina.

Afiniki ta nemi gefen buhun wani ta zauna, ta miƙe ƙafa ɗaya.

Lucia tana ta dariya tana juya kayan, tana cewa ita har ta manta tana da su, ashe haka suke da kyau, ashe takardar dā ta fi ta yanzu ƙarko. Sai hannunta ya kai kan wata leda da aka naɗe igiya mai ƙyalli a ciki. Akwai 'yar takardar farashi manne a jiki. Ta matso da ita kusa da tabarau. Alamar naira ce. Ita kuwa ta bar garin nan ana fam da sule. Ta ɗauki ƙwallo ta kwance, ta juya shi, ta ɗauki sarƙa ta duba mannin, zobe bayan zobe. Dariyar ta tsaya.

“Shekara goma sha ɗaya,” in ji Paulina, ba a tambaye ta ba. “Har Jos take zuwa. 'Yarta ta gina mata ɗaki a Kachia, ta ƙi tafiya, wai kada ki zo ki tarar ba ta nan.”

“Paulina, lemonki,” in ji Afiniki.

Lucia ta mayar da komai a hankali ta rufe murfin. Ta tura akwatin da hannu zuwa wajen Afiniki. “Wannan ba nawa ba ne. Guminka ne. Ni tun shekarar nan ban sake rataya komai a ɗaki ba. Yanzu na faɗa da kyau, kowa ya ji: na ba ka.”

Afiniki ta sa ƙafarta mai lafiya ta turo shi baya. “Ba na so.”

“Ina zan kai shi? Gidan surukata zan shiga da akwatin takarda?”

“Ni dai ki karɓa. In jirgi ya wuce Kagoro, abin da kika yi da shi ba ruwana.”

“Afiniki, kai da taurin kai.”

“Mama Silvanus, na gaji.”

Ta faɗe shi a hankali, kamar mai faɗin farashin ƙwai. Can gaba aka buga ƙarfe, fasinjoji suka fara rububin komawa. Lucia ta gyara ɗaurin zane, ta sunkuya, ta ɗauki akwatin da hannu biyu.

“Yaya ake faɗa?” ta tambayi Paulina. “Gaya mini daidai, kada in sake.”

“Ki ce kin karɓa, kuma ya cika.”

“Na karɓa,” in ji Lucia. “Ya cika.”

Suka taimaka mata ta hau, aka miƙa akwatin ta taga. Afiniki ta buɗe baki za ta ce kada a ninke ƙararrawar da safe, sai ta rufe. Lucia ta leƙo tana faɗin sunan garinsu, sau biyu, amma inji ya riga ya fara, kuma Afiniki ba ta ce a maimaita ba. Ta ɗaga hannu har taragon ƙarshe ya wuce. Ƙwan da ya rage ta raba wa masu dako.

Ba ta tafi washegari ba. Sai da ta sayar da kasko, ta ba Paulina benci, ta je Madakiya ta yi sallama, ta tsaya a kabarin Kumai ta gaya masa abin da ya kamata ya sani. Ana saura kwana biyu Kirsimeti ta hau motar katako mai zuwa Kachia da ƙunshi ɗaya. Daga Kachia wani mai babur ya ƙarasa da ita.

Ta iske gidan kowa na tsugune ana tsaga citta ana bajewa a kan fa, ƙamshinta har cikin maƙogwaro. Emilia ta miƙe da wuƙa a hannu, ta dubi uwarta, ta dubi ƙunshin, ta leƙa bayan babur ɗin. Ba akwati. Ta kori awaki, ta share ɗakin, ta kawo ruwa. Jikokin suka tsaya daga nesa suna kallon baƙuwar.

Ranar jajibere Meshak ya tafi Kachia sayen shinkafa da nama. Da ya dawo da azahar ya tarar da surukarsa zaune a tabarma a inuwar mangwaro. Ya cire hula, ya durƙusa, ya ajiye wani ƙunshi a gabanta yana murmushi.

“Mama, mun san abin da kike so. Kada ki ce kin zo ƙauye an raba ki da abin da kika saba.”

Ta kwance. Sarƙar takarda ce, ja da rawaya, da balan-balan, da ƙararrawa biyu sababbi fil. Emilia da ke tsaye da tukunya ta kawar da kai.

“An gode, ɗana. Ubangiji ya sa albarka.”

“A ina za a rataya, Mama?”

“Inda ka ga dama. Ban da ɗakina.”

Meshak ya ɗan yi turus, ya dubi matarsa, bai sami taimako ba. “To, in an gama biki fa? Yaya ake adana su? An ce ke ce gwanar.”

Afiniki ta ƙulle ƙunshin ta miƙa masa. “Wanda ya rataya shi zai sauke,” ta ce.

Ta gyara ɗankwali ta yi matashi da shi, ta juya wa rana baya. Kafin ruwan shinkafa ya tafasa barci ya ɗauke ta, kuma Emilia ta hana kowa ya tashe ta.